Waiwaye: “Ba Ta Aikin Komai, A Gida Take”

Akwai tambayoyin da kowane malamin Turanci yake yi wa sabon aji a makon farko don ya buɗe bakin yara: mene ne sunanki, a ina kike zaune, me mahaifinki yake yi, me mahaifiyarki take yi. Na shafe shekaru ina yin su a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a cikin birnin Kano. Amsar uba takan zo iri-iri: direba, tela, ɗan kasuwar Kwari, malamin allo, maigadi, ɗan fansho. Amsar uwa kuwa guda ce, kamar an haɗa baki. Ko dai yarinya ta ce “housewife”, ko ta taƙaice ta ce “nothing”. In na nemi ƙarin bayani da Hausa sai ta ce, “Malama, ba ta aikin komai, a gida take.” Ni kuma in ɗauki jan biro in ba ta maki, tunda nahawun jimlar bai karye ba.

Shekaru na yi ina ba wa wannan amsa maki. Allah Ya yafe mini.

Ba a daɗe da fito da takardar naira 20 ta leda ba, wadda ta fito a 2007, aka tura mu bita ta kwana uku da wata ƙungiya daga ƙetare ta ɗauki nauyi. Manufarta ita ce a shigar da batun sana'ar mata da rabon ayyuka tsakanin maza da mata cikin darasin Turanci. Aka ba mu kundin darussa mai kyawun bugu. A ciki akwai labarin Madam C. J. Walker, baƙar fatar Amurka da aka haifa a 1867, 'yar bayin da aka 'yanta, wadda ta fara da wankau ta ƙare da kamfanin man gashi. Akwai kuma labarin Muhammad Yunus na Bangaladash, wanda ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra a 1976, abin da ya haifi bankin Grameen, har aka ba su kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Labarai ne masu amfani, har yau ina son su. Aikin farko a kundin shi ne a rubuta sunayen sana'o'i a kan katuna, yara su raba su gida biyu, na maza da na mata, daga nan malami ya nuna musu cewa mace ma za ta iya tuƙa jirgin sama ko ta gina gada.

Na dawo da ɗoki na yi shi a aji huɗu. Cikin minti biyar suka gama. Likita da injiniya da matuƙin jirgi suka tafi gidan maza, girki da shara da raino suka tafi gidan mata. Na miƙe na yi ta bayani da Turanci a kan cewa zamani ya canza, mace ta fito ta nemi na kanta. Aji mai mutum sama da 70 ya yi tsit kamar mutuwa ta gifta. Na nemi mai magana, babu. Da aka kaɗa ƙararrawa na fita ina cewa a raina yaran nan ba su da buri.

Sai daga baya na gane abin da kunnensu ya ji. Ni ina ganin ƙarfafa musu gwiwa nake yi, su kuwa abin da ya isa gare su shi ne: iyayenku mata ba su kai ba, ku yi ƙoƙari kada ku zama kamarsu. Babu 'yar halas da za ta tafa wa wannan magana, ko da wane harshe aka faɗe ta.

Wadda ta farkar da ni wata yarinya ce mai zama a layin baya, kullum tana gyangyaɗi a darasin farko. Hijabinta ba ya rabuwa da ƙaurin hayaƙi da na soyayyen mai. Wata rana na kira ta ofishin malamai da niyyar hukunta ta.

“Ke, me yake hana ki barci a gida?”

Ta sunkuyar da kai. “Malama, kafin kiran assalatu muke tashi. Ni nake kai niƙan wake, ni nake buga ƙullu, Umma tana suya, ƙannena suna kaiwa bakin titi wajen masu shayi.”

“Tun yaushe Ummanku take ƙosai?”

“Tun ban yi wayo ba. Da shi aka yi wa yayata kayan ɗaki. Tun da Baba ya kwanta ciwo ma da shi muke ci.”

Na ce ta miƙo littafinta. Na buɗe shafin farko, ga jimlar nan da rubutunta, cewa mahaifiyarta ba ta aikin komai, ga kuma jan makina a gefe. Na sallame ta ban ce komai ba, domin wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Innata ce ta faɗo mini. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi a tsakar gida, kuma da kuɗinsu aka saya mini akwatin ƙarfe da gari da sukari na tafi makarantar kwana. Tafin hannunta ya yi kanta saboda taɓarya. Amma ranar da nake cike fom ɗin shiga kwalejin horon malamai, da na iso gurbin sana'ar uwa, kalmar nan ta Turanci na rubuta ba tare da na ko ɗaga kai ba. A lokacin da nake wannan tunani ta riga ta rasu, babu halin in koma in gyara.

Ba yaran suka ƙirƙiro amsar ba. Mu muka koya musu. Littattafan da muka tashi da su cike suke da hoton uba riƙe da jaka zai tafi ofis, uwa kuma tana ɗaga masa hannu daga bakin ƙofa. Yaro ya taso da fahimtar cewa aiki shi ne abin da ake sa takalmi a fita a yi, a karɓi albashi a ƙarshen wata. Duk abin da aka yi a gindin murhu, ko da shi ke riƙe da gidan, ba ya cikin lissafi.

Mako na gaba na ajiye kundin a cikin durowa. Darasin da ke gabanmu a manhaja shi ne yadda ake gina tambaya, sai na ce kowace ta kawo tambaya guda da za ta so ta yi wa mace mai sana'a. Muka tace su muka bar goma: me kike sayarwa, yaushe kika fara, wa ya koya miki, a ina kika sami jari, wa yake sayo miki kaya, me ya fi ba ki wahala, da sauransu. Aikin gida shi ne kowace ta yi hira da mahaifiyarta ko kakarta ko gwaggonta ko maƙwabciya, da Hausa, sannan ta mayar da amsoshin Turanci.

Abin bai tafi sumul ba. Wata uwa ta aiko a tambaye ni ko gwamnati ce ta turo ni in ƙirga su saboda haraji. Wata ta ce a gaya wa Malama ba a faɗin riba, baki yana kama dukiya. Gaskiyarsu ce, kuma kuskurena ne da na bar tambayar riba a ciki. Muka cire ta, muka sa wata a gurbinta: me kika yi da abin da kika samu? Wannan ita ta kawo amsoshin da suka fi komai daɗin karantawa. Akuya da ta haihu ta zama garke. Keken ɗinki. Kuɗin asibiti ranar da ƙani ya ƙone. Kuɗin jarrabawar WAEC na babban wa. Fili a bayan gari. Wata tsohuwa ta ce da kuɗin daddawa ta biya kujerar Makka.

Ranar da suka dawo da aikin na ce kowace ta fito ta rubuta sana'ar gidansu a allo. Ƙosai, waina, ɗanwake, awara, fura, alewar madara, daddawa, kitso, lalle, ɗinkin hula, saƙa, turaren wuta da humra, ƙanƙara, gawayi, kiwon kaji, surfe, wankau, dillancin atamfa da kwanuka. Allo ya cika, muka koma rubutu a bango da alli. Waɗanda suka ce da gaske babu sana'a a gidansu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Shekaru bayan haka na ci karo da aikin wata Baturiyar Ingila mai binciken tattalin arziki, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta wallafa maƙala a 1969 a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki a ƙasar Hausa. Ta kwatanta gidajen gari da saƙar zuma, kowane gida ɗaki ne na kasuwa guda, yara su ne masu kai da komo a tsakani. Na yi murna da na karanta, na kuma ji ciwo. Baƙuwa ta ƙetare teku ta ga abin da ni da aka haifa a cikinsa na kasa gani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda Turancin ya ɓalle. Yarinyar da ba ta taɓa haɗa jimla biyu a gabana ba, sai ga ta tana gardama da ƙawarta a kan wace kalma ce ta dace da tankaɗe, wace ce ta dace da sheƙa. Da ma ba harshen ne kaɗai ya ɗaure su ba. Muna tambayarsu ne a kan dusar ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa, abubuwan da ko da Hausa ba su da abin cewa a kansu.

Akwai darasin da ya daɗe yana ba ni ciwon kai, wato jimlar da ake ɓoye mai aiki a fito da abin da aka yi wa aiki. Sai na ce su bayyana mini yadda ake fitar da man gyaɗa. Suka fara da Hausa: ana tsince gyaɗa, ana soya ta sama-sama, ana murje jan bayanta a fece, ana kai ta inji, ana zuba ta a turmi ana juyawa da taɓarya ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, ana matse tunkuza, ana mulmula ta a soya ƙuli. Na ce ku tsaya, kun ji wannan “ana” da kuke ta maimaitawa? Aikin da take yi a Hausa shi wannan jimla take yi a Turanci. Abin da na kasa dasawa a zango guda ya zauna a darasi ɗaya. Muna cikin haka wata ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, to duk an ce ana yi, ana yi, ita mai yin fa ina take?” Sai muka sake rubuta bayanin daga farko, kowace jimla ta fara da “my mother”.

Daga nan muka kafa kasuwa a cikin aji. Aka jera tebura, wasu masu kaya, wasu masu saye, wata dillaliya mai jiran la'ada, kuma doka ita ce duk wadda ta yi Hausa ta biya tara da wake. Nan suka tarar da ramukan da ƙamus bai cike ba. Yaya za a ce “albarka” in an yi tayin da bai kai ba? Bature cewa yake a'a kawai, mu kuwa ko ƙin sayarwa da addu'a muke yi. Yaya za a ce “gyara”? Na ce musu su riƙe kalmarsu, su koyi yadda za su bayyana ta ga baƙo, domin haka harsuna suke arziki. Na tuna da wannan rana a 2020, lokacin da ƙamus ɗin Oxford ya shigar da wasu kalmomin Najeriya, har da “Kannywood” da “mama put”, wato mace mai sayar da abinci a bakin hanya.

Wata Alhamis muka gayyato kakar ɗaya daga cikinsu, uwar adashi ce a unguwarsu. Ba ta yi boko ba, amma zubin mata da yawa yana kanta, ta san wadda ta kwasa, ta san mai bi mata, ta san wadda aka yi wa alfarma aka ba ta ɗauka kafin lokacinta saboda haihuwa ta zo. Tana magana, ɗalibai biyu suna tafinta. Aka tambaye ta me take yi in wata ta kwasa ta daina zubi. Ta ce, “'Yan nan, ai ba a shiga adashi da wadda ba a san ƙofar gidansu ba.” Bayan ta tafi ne na fito da labarin Grameen daga durowa. Wannan karon suka karanta shi kamar labarin maƙwabta, suka kuma kama bambancin da kansu: can rance ne da ake biya da ƙari, adashi kuwa kuɗinki ne yake zagayowa ya dawo miki. Muhawarar da ta tashi a kan kuɗin ruwa ta ci darasi guda, kuma da Turanci aka yi ta.

Sai a ƙarshen zango na dawo da katunan nan na gida biyu, amma da sana'o'in garinmu a kansu. Nan take rabon ya rikice. An ce girki na mata ne, to mai shayi da mai tsire da mai gurasa fa? An ce wanki na mata ne, amma masu wanki da guga na unguwa maza ne. Kaɗi na mata ne, saƙar fari ta maza, marinar Ƙofar Mata kuma, duk da sunanta, maza ne a bakin karofi. Wata ta lura cewa aiki guda in an yi shi a cikin gida kyauta sai a ce na mata ne, in ya fito titi ya zama kuɗi sai maza su shigo. Ban koya mata wannan ba, ita ta hango. Na ce kowace ta duba kuɗin da ke aljihunta. A bayan naira 10 ga matan Fulani ɗauke da ƙoren nono. A bayan sabuwar naira 20 ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, 'yar ƙauyen Kwali da ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ita ce mace ta farko a wurin, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Kullum suna riƙe da hotonta a hannu, ba su taɓa juya takardar sun tambayi ko wace ce ba.

Wani uba ya zo makaranta ransa a ɓace. Ya ce, “Malama, an ce kina koya wa yara su raina maza.” Na ba shi kujera, na kira 'yarsa na ce ta karanta masa abin da ta rubuta, tana fassarawa. A ciki ta faɗi cewa Babanta ne ya ba Ummanta kwanon waken farko, kuma shi yake zuwa Dawanau ya sayo mata kaya tunda ita ba ta shiga kasuwa. Ya yi shiru, can ya ce, “Ai Nana Khadija ma 'yar kasuwa ce, dukiyarta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kai Sham.” Shi da bakinsa ya kawo hujjar. Amma ba zan ɓoye ba, akwai rubuce-rubucen da ban bari an karanta a bainar aji ba. Akwai mijin da yake ranta daga jarin matarsa ba ya biya, akwai wanda ya janye hannu daga cefane da ya ga tana samu. Shari'a ta bar wa mace dukiyarta, ta ɗora ciyarwa a wuyan miji. Wanda ya juya wannan zalunci ya yi, kuma yaran sun san haka tun kafin in buɗe baki.

Abu mafi nauyi shi ne talla. Duk wannan kasuwa ta cikin gida a kan ƙafar yara mata take tafiya, kuma ba zan yaba sana'ar uwa in rufe ido ga farantin da ke kan 'yarta ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, amma yarinyar da ke yawo da faranti a tasha da ƙarfe goma na safe ba ta ga amfanin wannan doka ba. Muka yi muhawara a kai. Aji ya rabu, har da masu hawaye, saboda kusan kowace ta taɓa ɗaukar talla ko tana da ƙanwa mai ɗauka. Yarinyar nan mai ƙosai ta tsaya ta yi magana minti uku cur da Turanci. Ta ce in an hana talla ba a kawo madadi ba, gidansu ba za a ɗora tukunya ba, amma ta fi kowa sanin irin maganar da maza suke gaya wa yarinya a bakin titi, kuma ba ta so ƙanwarta ta ji ta. Daga nan kowace ta rubuta wasiƙa irin ta zuwa ga hukuma, wadda ake tambaya a jarrabawa, tana ba da shawarar abin da za a yi: a kai kaya shagon unguwa, a yi sari ga masu shayi, a bar talla sai bayan an tashi makaranta.

Ita kanta ba ta kai aji shida ba, an yi mata aure kafin jarrabawar fita. Darasina bai hana wannan ba, kuma har yau yana yi mini ciwo.

Yanzu na yi ritaya, kasuwar tsakar gida kuma ta koma cikin waya. Matan aure suna tallata turare da yaji da atamfa a WhatsApp da Instagram daga ɗakunansu, masu babur suna kaiwa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa har masu waina karɓar taransifa. Wadda take son kayanta su shiga manyan kantuna sai ta nemi lambar NAFDAC, wadda take son sunan kasuwanci sai ta yi rajista da CAC, kuma duk waɗannan takardu, da na banki, da Turanci ake cike su. Matar da ba ta iya karanta su ba dole ta miƙa wayarta da lambar sirrinta ga wani, kuma mun sha jin yadda hakan yake ƙarewa. Wannan shi ne Turancin da 'ya'yanmu suke buƙata da gaggawa, kuma yana nan a cikin manhajar da ke hannun malamai, ba sai an jira wata bita ba.

'Yan'uwana malamai da kuke cikin aji har yanzu, sabon zango yana tafe, za ku yi tambayar nan ta makon farko. In yarinya ta ce muku mahaifiyarta ba ta aikin komai, don Allah kada ku ɗora jan biro. Ku tambaye ta ƙarfe nawa Ummanta take tashi, da abin da take yi kafin gari ya waye, sannan ku ba ta kalmomin da za ta faɗe shi da Turanci.